Tsohuwar Na'urar Gem: Abin da Na Gani a Japan Game da Tambayarka

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na samu saƙonka inda kake tambaya ko har yanzu akwai hikima a ce na cika maka kwali da tsofaffin na'urorin gem a cikin kwantenar da za mu loda, tun da ka ji an ce kamfanoni sun kwashe tsofaffin wasanninsu sun zuba a sababbin na'urori da wayoyin hannu. Amsar ba ɗaya ba ce ga mutumin Tokyo da mutumin Kano, kuma wannan bambanci shi ne abin da nake so ka fahimta kafin ka sa kuɗinka.

Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Tun 2018 kamfanin Nintendo ya buɗe tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online, wanda ke bai wa mutum damar buga wasannin tsohuwar na'urarsa Famicom ta 1983, aka ƙara na Super Famicom ta 1990 daga baya, sannan a 2021 aka shigo da na Nintendo 64 da na Mega Drive ta Sega a wani mataki na sama da aka sa wa kuɗi yen 4,900 a shekara. Sony ma ya yi irin nasa a 2022. Akwai kuma ƙananan na'urori masu kamar na da, waɗanda suka zo da wasanni a cikinsu: ƙaramar Super Famicom ta 2017 tana da 21, ƙaramar Mega Drive ta 2019 tana da 42. Ga ɗan Japan mai wuta dare da rana, mai intanet da ba ta yankewa, mai ɗaki ƙarami wanda ba shi da wurin ajiye tarkace, wannan ya wadatar, kuma ban ga laifinsa ba idan ya kai tsohuwar na'urarsa shagon gwanjo.

Shagunan gwanjon nan su ne abin da ya fi burge ni, domin ba su yi kama da namu ba ko kaɗan. Akwai Hard Off, mai rassa da yawa a faɗin ƙasar, inda ake raba kaya gida biyu. Na'urar da suka gwada suka tabbatar tana aiki, za ka same ta a goge tas, an naɗe ta a leda tare da wayoyinta, an liƙa takardar da ke faɗin duk wani aibu da ke jikinta, ko da ɗan ƙarzuwa ne a gefe, kuma ana ba da garanti na wani lokaci. Wadda ba su tsaya mata ba, tana can a kusurwar da suke kira janku, a cikin shuɗayen kwanduna, an rubuta mata gajeren bayani kamar "tana kama wuta, ba ta karanta faifai", sannan an ajiye soket a kusa domin mai saye ya gwada da kansa. Babu ciniki, babu rantsuwa, babu "wallahi jiya aka sauke ta". Abin da ke takardar shi ne abin da ke cikin ledar. Na sha tunanin cewa da masu sayar da kayan lantarki na hannu a kasuwanninmu za su ɗauki wannan ɗabi'a guda ɗaya, ta rubuta aibun kaya a jikinsa, da rigimar da ake yi tsakanin mai saye da mai sayarwa ta ragu ƙwarai.

A unguwar Akihabara ta Tokyo kuwa, a shaguna irin su Super Potato, tsohuwar na'ura ta daina zama kayan amfani ta koma kayan tarihi. Fitowar wasannin a sababbin na'urori bai karya farashin na asali ba, har ma ana iya cewa ya tallata su. Ƙari a kan haka, faɗuwar darajar yen, wadda ta kai 160 a kan dala ɗaya a 2024, ta jawo baƙi daga Amurka da Turai suna kwashe kaset-kaset masu kwalinsu na asali. Saboda haka Super Famicom da danginta ba hajarka ba ce: tana da tsada a nan, wasanninta da Japananci suke, kuma yaran da ke zuwa shagonka ba za su biya kuɗin zama a kanta ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne PlayStation 2 ta Sony, wato PS2, wadda ita ce ta raini gidajen gem na garuruwanmu. Ta fito a nan a watan Maris na 2000, an daina ƙera ta a farkon 2013, kuma Sony ya ce an sayar da fiye da miliyan 160, abin da ya sa kayan gyaranta suke ko'ina har yau. Ka tambayi kanka wane wasa ne ke tara matasa a kan benci su yi ta ihu har dare. Ƙwallo ce, wato Winning Eleven na kamfanin Konami, wanda Turai ta sani da Pro Evolution Soccer. To, waɗannan ba a mayar da su kan wata sabuwar na'ura ba, kuma ba na zaton za a yi, domin sunayen 'yan wasa da na kulob-kulob da rigunansu lasisi ne na ɗan lokaci, idan ya ƙare ba a da izinin sake sayarwa. Konami ma ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball a 2021, ya jingina shi da intanet. Wanda yake son na 2006 kamar yadda ya san shi, da saurinsa da yadda fad, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ke amsa yatsa, hanyarsa mafi sauƙi ita ce tsohuwar na'urar. Wannan kuwa ba ƙwallo kaɗai ta shafa ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Ke nan abin da aka kwashe ɗin ɗan kaɗan ne daga sama, sauran yana nan inda aka bar shi.

Ko wanda aka kwashe ɗin ma ba kullum yake zuwa cikakke ba. Wasan San Andreas, da kowane yaro a unguwarmu ya sani, an sake fito da shi a 2021 ba tare da wasu waƙoƙin rediyonsa ba saboda lasisi, kuma ya zo da kurakuran da suka sa kamfanin ya nemi afuwa. Wasannin harbi da bindigar roba kuma ba sa aiki a talabijin ta zamani mai shafaffiyar fuska, sai tsohuwa mai gilashi da ƙaton baya. A nan irin wannan talabijin ta yi wuya tun da aka rufe tsohon tsarin watsa shirye-shirye a 2011, kuma doka ta sa mutum ya biya kuɗi kafin a ɗauke masa ita, alhali mu a gida tana jibge a shagunan masu gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne batun mallaka. Wasan da ke cikin tsarin biyan kuɗi ba naka ba ne. Ranar da ka daina biya, ranar ya tafi, kuma na Nintendo yana buƙatar na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana bakwai. Kamfani yana iya rufe shagonsa na intanet gaba ɗaya, kamar yadda Nintendo ya yi wa masu Wii U da 3DS a watan Maris na 2023. Ka haɗa wannan da halin da kake ciki: kuɗin data, wutar da ke zuwa ta koma, da wahalar buɗe asusu da adireshin Ingila ko Amurka a sayi kati da dala. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. PS2 kuwa ƙaramin janareto ko batirin sola yana ɗaukarta tare da talabijin, ba ta tambayar kowa izini, kuma idan idon da ke karanta faifai ya mutu, yaro mai gyara a kasuwa zai canza shi, ko da yake Sony da kansa ya daina karɓar gyaranta a nan tun 2018.

Sai dai kada ka ɗauka duk wadda na ɗauko a nan za ta yi maka aiki. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa ta haura 220, saboda haka babbar PS2 ta nan, mai injin wuta a cikinta, za ta ƙone nan take idan aka soka ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba. Siririyar nan ta jerin 70000, mai caja a waje, ita ce ke ɗaukar daga 100 zuwa 240. Bayan haka an kulle na'urar Japan a kan faifan Japan, ba ta karanta na Turai, kuma hotonta na tsarin talabijin ɗin Japan ne, wato NTSC, wanda wasu tsofaffin talabijin ɗinmu masu tsarin PAL ke nunawa ba kala. Buɗe kullen a nan ba abin wasa ba ne, domin doka tana hukunta mai sayar da na'urar da aka taɓa ta haka, ni kuma baƙo ne mai zaman takarda, ba zan kusanci wannan ba.

Shawarata ita ce ka ci gaba da neman injinan a wajen masu shigo da su daga Turai, ni kuma in aiko maka da abin da Japan ta fi kowa kyau da shi kuma babu kulle a kansa: fad na asali, memori (katin ajiye wasa) na asali mai megabait 8, da wayoyin hoto. Fad ɗin jabu da ke mutuwa a hannun yara cikin 'yan makonni shi ne ke cinye maka riba, kuma na asali a nan yana da araha idan aka tona kwandunan janku da haƙuri. Ka ƙirga mini injinan da kake da su da waɗanda suke kwance don rashin fad, ka aiko mini kafin a rufe kwantenar. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.

Yayanka.