Saƙo ga Yaya kan maganar aikin Gwaggo

Yaya, na ji saƙonki kan zazzagowar mahaifar Gwaggo, da shawarar da aka ba ku ta a cire a huta. Ni ma ina layin irin wannan aikin a nan Ingila, bari in faɗa miki yadda suke bi, ki tsinci abin da zai yi amfani a Kano.

Kada a ruɗe ki da cewa asibiti kyauta ne. Mu masu biza fam 1,035 muke biya kowace shekara, kuma ba ki isa ki tashi ki je wurin ƙwararre da ƙafarki ba. Sai likitan unguwa, wanda suke kira GP, ya tura ki, ki koma gida jiran wasiƙa. A rubuce mako 18 ne tsakanin turawa da fara magani, amma a sashen mata da yawa suna zarce haka nesa ba kusa ba. A gida in akwai kuɗin kati, cikin mako kin zauna gaban babban likita. A nan kam gida ya fi.

Inda suka sha gabanmu shi ne abin da ake yi kafin a ɗauki wuƙa. Likitar da na gani, aikinta ke nan, mafitsara da ƙasan mara. Da nas mace a tsaye a ɗakin, ta sa ni tari, ta sa ni yunƙuri kamar mai naƙuda, ta auna. Sannan ta jawo takarda ta zana mini: ga mafitsara ta gaba, ga dubura ta baya, ga mahaifa a sama, kowacce tana iya saukowa ita kaɗai. Tawa mafitsara ce ta fi lotsowa. Kin ga ashe cire mahaifa ba shi ne maganin kowa ba. Mataki huɗu suke kasa abin, daga wadda ba ta ma sani ba har wadda ya fito waje gaba ɗaya.

Mai mataki na ɗaya ko na biyu, sashen gashin ƙashi ake fara tura ta, aƙalla mako 16. Ba na'ura, ba allura. Ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari, ki ƙirga zuwa goma, ki saki, ki maimaita, sau uku a rana, ita kuma mai koyarwar tana dubawa ko wurin da ya dace kike matsewa ko ciki kawai kike ɗaurewa. Ta dame ni da maganar taurin bahaya, har ta ce in sayi ɗan tudu in ɗora ƙafa in na hau masai. Dariya ta kusa ƙwace mini, tsugunon da muka baro ne ake sayar mana.

Sai zoben roba da ake sawa ciki ya tallafe abin da ya sauko. Ana gwada girma har a dace, a duba ko a sauya bayan wata huɗu zuwa shida, kuma irin mai zagayen nan ba ya hana kwanciyar aure. Akwai tsofaffin da suka zauna da shi shekaru ba su taɓa shiga tiyata ba. Wadda jini ya ɗauke mata, kamar Gwaggo, ana haɗa mata da man estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa in jini ya ɗauke, don kada wurin ya bushe ya yi miki. Ni fam 9.90 nake biyan kowane magani, wanda ya kai shekara 60 ba ya biya. Zaman bagaruwa da magungunan matsi kuwa, ba sa mayar da abin da ya riga ya sauko, ki raba ta da cushe-cushe.

In wani ya ce zai yi mata aiki ya ɗinka ragar roba ta cikin gabanta don ta riƙe abin da ya sauko, ku tsaya ku yi tambaya. Tun 2018 aka dakatar da ita a nan, bayan mata da yawa sun fito da kukan ciwon da ta bar musu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, nas ta tambaye ni wa zai kula da ni bayan aiki, domin sai an yi kamar mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma abin yana iya dawowa. Na yi shiru. Maigida yana aikin dare, maƙwabta gaisuwar ƙofa ce kawai. Gwaggo tana da cikakken gida, matsalarta ɗaya, ba ta iya ganin bokiti ko jika a ƙasa ta ƙyale. Tun kafin a sa rana ku raba wa 'yan matan gidan ɗiban ruwa, wanki da goyo.

Ku nemi ganin likitan mata a Asibitin Malam Aminu Kano, ke ki shiga da ita don kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. Ki tambaya me ya sauko, mataki na nawa, ko za a fara gwada zoben, kuma in aikin ne, wane iri. Ki turo mini abin da ya ce, kuɗin gwaje-gwajen yana wuyana. A gaishe ta da jiki.