Man farafin da na shafa wa katakon yankana, wata biyu kenan

Ni dai kafin mu dawo Agege daga Zariya ban san katako yana funfuna haka ba. A gida ki wanke ki jingina da bango, kafin la'asar ya bushe ƙarau, amma nan Legas iskar ma kanta a jiƙe take balle watan Yuni da ruwa baya ɗaukewa. Katakon kuma Mama ce ta sa min a kayan aure, shi ya sa ranar da na juya bayanshi na ga baƙin ɗigo-ɗigo da wani wari kamar na tsohon ɗaki wallahi raina ya ɓaci sosai.

Maƙwabciyata mai sayar da abinci ce ta ce in je kemis in ce a bani likwid farafin, wanda ake sha dan bayan gida ya yi laushi, ba kananzir ba dan Allah kar wata ta ruɗe. Kamar ruwa yake, ba wari ba ɗanɗano, kuma baya lalacewa. A da man gyaɗa nake shafawa, ashe shi in ya daɗe cikin katako canza wari yake yana danƙo.

Abin da nake so ku gane 'yan uwa, man nan baya kashe funfuna. In kika shafa akan baƙin kin rufe shi ne a ciki. Sai da na fara dirje shi da gishiri mai gari-gari da rabin lemun tsami, na zuba farin khal na barshi minti 10 na ɗauraye, duk da haka tabon na nan dan ya shiga ciki, sai na karɓo samfefa wurin kafintan layinmu na goge har farin katako ya fito. Masu amfani da Hypo, cokali ɗaya na cin abinci a ruwa lita 4 ya isa, kuma kar a kuskura a haɗa shi da khal, iskar da ke tashi guba ce.

Bushewar ce ta fi cin lokaci, kwana biyu yana tsaye gaban fanka in an kawo wuta. Sannan na shafa man da tsumma mai tsafta gaba da baya har gefuna, ya kwana, da safe na goge sauran. Sau uku na yi dan shanyewa yake kamar mai ƙishi.

Yanzu in ruwa ya zuba taruwa yake a sama baya shiga, warin albasa ma ya rage kamawa. Inda bai gamsar da ni ba, baya daɗewa, sati uku zuwa huɗu katakon ya fara fari-fari sai an sake. Akwai kuma 'yar tsaga ɗaya a gefe da har yanzu take da duhu, samfefa bata kai ciki ba, dan haka ɗanyen nama da kaza na maida su kan na roba, wannan na barshi ma albasa da kayan miya.