Gargaɗi ga masu bincike kan mai sayar da jabun sinadarin kynurenine

Ina jan hankalin ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, game da wani mutum da ke tallar sinadarin L-kynurenine a zaurukan WhatsApp, yana cewa ragowar kayan wani bincike ne da aka kammala, shi ya sa yake karyar da farashi. Wata ɗaliba da muke aiki tare ta faɗa hannunsa, ta yi asarar kuɗin da ta daɗe tana tarawa, ga watanni uku na aiki da suka tafi a banza.

Kynurenine na cikin abubuwan da jiki ke samarwa idan ya sarrafa tryptophan, wani sinadari da ake samu a furotin na abinci, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na tryptophan da jiki ke rushewa ta wannan hanya yake bi. Masu nazarin garkuwar jiki da kumburi suna buƙatar tsantsarsa domin shi ne ma'aunin da ake gwada jinin marasa lafiya da shi, saboda haka idan ma'aunin jabu ne, duk alƙaluman da suka biyo baya ba su da amfani.

Kwalbar ta iso da tambarin wani sanannen kamfani, har da lambar CAS (lambar rajistar da ake gane kowane sinadari da ita) ta gaskiya, wato 2922-83-0. Sai dai garin da ke ciki fari ne fat, alhali kynurenine yana da ɗan launin ruwan ɗorawa. Da muka narka shi muka sa a na'urar auna haske, ba mu ga komai ba a nanomita 360 (ma'aunin tsawon zangon haske), inda ya kamata ya bayyana, sai a wajen 280, wurin da tryptophan ke nunawa. A fahimtarmu, tryptophan mai araha aka ɗura aka liƙa takarda. Lambar rukunin da ke jikin kwalbar, wato lambar da kamfani ke ba kayan da ya haɗa a lokaci guda, ita ma ta saɓa da wadda ke takardar shaidar ingancin da mutumin ya turo. Da ɗalibar ta neme shi, ya toshe lambarta.

Ina roƙonku kada ku tura kuɗi asusun ƙashin kan wani mutum don sayen irin wannan kaya. Ku nemi dillali mai rajista da izinin NAFDAC na shigo da sinadarai, ku duba lambar rukuni a shafin kamfanin kafin ku biya, sannan ku gwada garin tun ranar da ya iso. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit da saƙonnin, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.