Wata takwas da shokozoban Bilstein 5100 a kan gargada

Motata fikof ce mai jan taya huɗu, kuma rabin rayuwarta a hanyar ƙasa take yi, irin wadda ta yi layi-layi kamar kwanon rufi. Da shokozobar da ta zo da su suka gaji, sai na sayi masu araha, masu ƙyallin fenti da ƙaton rubutu a jiki, aka ɗaura. A kwalta ba su da laifi. A gargada ma minti ashirin na farko lafiya lau. Daga nan sai bayan motar ya fara rawa. In na faɗa rami sai ta yi sama da ƙasa sau uku kafin ta natsu, in na sha kwana kuma in ji bayan yana sulalewa gefe. Wata rana na tsaya na kai hannu jikin na baya, ban iya taɓa shi ba saboda zafi. Na huta rabin sa'a, da na tashi sai motar ta dawo daidai kamar ba ita ba. A nan na gane zafi ne ke kashe su.

Mutane da yawa suna zaton shokozoba ne ke ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokozoba shi ne hana sifirin yin ta lilo: fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bututunsa, yana tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. A gargada fistan ɗin nan ba ya hutawa ko na daƙiƙa ɗaya. Waɗanda na fara saya masu bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma mai da iska suna zaune tare a bututun waje ba shamaki. In girgiza ta daɗe sai man ya yi zafi, ya tsinke, ya yi kumfa. Kumfa kuwa ba ta tare komai, fistan ratsa ta yake yi kawai.

Shi ya sa na koma mai bututu ɗaya. A cikinsa akwai wani fistan na biyu da ke yawo shi kaɗai, ya raba mai da iskar naitirojin da aka matse da ƙarfi. Matsin yana hana kumfa, kuma da yake man yana jingine da bangon waje kai tsaye, iskar hanya na sanyaya shi. Dabarar ta wani injiniyan Faransa ce, Christian Bourcier de Carbon, kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauka ya inganta, har aka fara sa wa motocin Mercedes-Benz a 1957. Samfurin Bilstein 5100 da na saya fistan ɗinsa milimita 46 ne.

Kada a ɗauka ina kushe mai bututu biyu gaba ɗaya. Nitrocharger na Old Man Emu bututu biyu ne, kuma don dogayen hanyoyin dajin Ostireliya aka ƙera shi. Yana ma da wata fa'ida da nawa ba shi da ita: in dutse ya lotsa bututun waje, fistan na ciki yana ci gaba da aikinsa. Mai bututu ɗaya in ya lotsa, fistan ya cije, shi ke nan. Wanda ke yawan hawan duwatsu a hankali ya yi tunanin wannan da kyau. Na kuma daɗe ina kallon masu tankin mai a gefe, irin na Fox da King. Mai ya fi yawa a cikinsu, sun fi jure zafi, ana kwance su a sabunta. Amma sai an riƙa kai su sabis wurin wanda ya iya, ni kuma ba tsere nake yi ba.

Kafin in biya kuɗi na yi awo, kuma wannan ne matakin da na ga ana yawan tsallakewa. Kowane shokozoba yana da tsawonsa in ya miƙe da tsawonsa in ya matse. In ya yi gajere, shi zai riƙe nauyin aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, duk sanda taya ta rataye. In ya yi tsawo, zai kai ƙarshe kafin robar da ke tare aksil ta taɓa, dukan ya sauka a kansa. Motata ba a ɗaga ta ba, don haka na ɗauki lambar da ta dace da tsayinta na asali. Na gaba suna da 'yan tsagogi da ake sa zobe don ƙara wa mota tsayi, na bar zoben a tsagin ƙasa.

Wajen ɗaurawa sai da na ce wa bakanike, "Malam, a sauke ta ƙasa tukuna kafin a ƙarasa ɗaure notin bushin." Bushin shi ne robar da ke wurin da ake ɗaure shokozoba a jikin mota. In aka ɗaure su mota na rataye, da ta zauna robar sai ta murɗe, ba ta jimawa take tsagewa. Bayan nan aka daidaita tayoyin gaba.

To, ya sababbin shokozoban suke? A hanyar da na saba, na yi sa'a biyu cur ba tsayawa, da jarkokin ruwa da tayar safaya biyu a baya, kuma yadda motar ta fara haka ta ƙare. Rami ɗaya, lotsawa ɗaya, ta miƙe. In na taka birki da ƙarfi hancinta ba ya nutsewa kamar da, sitiyari kuma ya daina fizgar hannuna. Jikinsu yana ɗaukar zafi, amma aikin bai ragu ba, abin da na biya kuɗi dominsa ke nan.

Akwai abin da na sani tun kafin in saya, kuma na yarda da shi: an tsara ƙofofin mansu su riƙe mota da ƙarfi tun daga ƙaramin motsi. In bayan fikof ba kaya, ana jin ƙananan tsakuwoyi da gaɓoɓin kwalta fiye da da. Mai son laushi irin na ƙaramar mota ya nemi wani tsarin, ko irin RS9000XL na Rancho da ake juya masa taurin har mataki tara. Ni dai in na shiga hanyar ƙasa nakan rage iskar taya kaɗan, in mayar idan na hau kwalta, hakan ya wadatar da ni.

Bayan kowace doguwar tafiya nakan leƙa ƙarƙashi da tocila, in shafa jikinsu da yatsa in ga ko mai na tsiyaya, in duba robar da ke rufe sandar ko dutse ya yaga ta. Har yanzu ƙura kawai nake samu. Bayan motar dai yana nan a ɗan durƙushe in na loda ta, domin sifirin ɗin baya sun tsufa, kuma ba shokozoban da zai ɗaga su. Su ne na sa a gaba yanzu.