Ofishin sanatanmu: na je da ƙafata

Ranar Talata na leƙa ofishin mazaɓa na sanatanmu kan lamunin karatun ɗiyata. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar lamunin ɗalibai a Afrilun 2024 nake jin labarin NELFUND, wato asusun gwamnati mai ba ɗalibai lamuni, a rediyo, amma ni da intanet sai a hankali.

Gaskiya yaron da ke kan kwamfuta ya burge ni. Ya jawo min kujera, ya ce, "Baba, kawo lambobinta na NIN da BVN da JAMB." Kafin azahar ya gama cikewa, ya kuma fahimtar da ni cewa babu kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ko sisi bai karɓa ba, har na goro da na miƙa ya mayar min.

Inda suka ƙona min rai, da na tambayi me Sanata ya faɗa a zauren majalisa kan satar mutane a hanyar ƙauyenmu, sai aka miƙo min kalanda mai hotonsa! Takardar ƙudiri ko ɗaya babu. Fankar kuwa tun shigata ba ta motsa ba, wai janareta ba mai.