Abin da Ɗanki Yake Ci a Kumasi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Kin tambaye ni me ɗanki yake ci tunda likita ya hana shi madara da ƙwai da gyaɗa da kifi, kuma na ji a muryarki kina tsoron da yunwa yake kwana. Maganar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ki fara kwantar da hankalinki kan yawan abin da yake buƙata. Mai ba da shawarar abinci da aka tura mu wurinta a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 13 ya ishe shi a yini. Dafaffen jan nama giram 50, wanda bai cika tafin hannuna ba, ya kusa biyan wannan shi kaɗai. Abin gina jiki kam akwai shi a garin nan. Abin da ke hana ni barci shi ne samun wanda wani abu bai taɓa ba.

A Kano kifi a saman kwano yake, ana ganinsa. A nan cikin gindin miya yake. Shito, baƙin yajin da ake zubawa a kan kusan kowane abinci, da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi. Akwai momoni da kobi, kifin gishiri da ake jefa ɗan yanki don ƙamshi ya narke ya ɓace. Dunƙulen ɗanɗano mai jatan lande yana kowane teburin mai kayan miya, har miyar ayoyon da 'yan'uwanmu na zango suke yi wa tuwon zafi sai an barbaɗa mata garin kifi. In kika tambayi mai abinci ko akwai kifi, za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi ba, tsoka take nufi. Dole na koyi yin tambaya dalla-dalla: wane dunƙule, wane mai, ludayi nawa. Shinkafa da waken da suke dafawa da karan dafi ba ta da laifi a kanta, amma cokalin da ya ɗebo ta shi ya ɗebo shito da dafaffen ƙwai, don haka daga tukunyata kawai yake cin ta.

Wurin awon yara ya burge ni ƙwarai. Suna auna nauyi, su rubuta a kati, su zauna su yi wa uwa bayani ba gaggawa. Ƙasar ta daɗe da sanin ciwon rashin gina jiki, domin a Accra ne likita Cicely Williams ta fara bayanin cutar kwashiyoko a 1933. Sai dai maganin da suka saba bayarwa shi ne garin kunun Tom Brown na soyayyar masara da gyaɗa da waken suya, a ƙara garin kifi ko ƙwai. Ga yaran mutane alheri ne, ga namu kuwa hanyar asibiti ce. Ko na ce zan haɗa nawa garin, injin niƙan unguwa shi ke niƙa gyaɗar miya tun asuba, ba kuwa mai kwance shi ya wanke saboda kwano ɗaya. Babansa ya sayo mana ƙaramin injin gida da sabon turmi, babu abin da ke shiga cikinsu sai na yaron.

Inda Allah ya rufa mana asiri shi ne wajen mahauta. Da yawa daga cikin shanun da ake ci a nan daga Burkina Faso ake shigo da su ta kan iyakar Paga, a yanka a mayankar Kaase, sannan nama ya bazu kasuwanni. Masu sayarwa a unguwannin Aboabo da Asawase kuwa mutanenmu ne, jikokin fataken goro da na baya-bayan nan. Da Hausa nake yi wa mahaucina bayani, ya kuma fahimta tun ranar farko. Kafin ya yankar mini sai ya wanke wuƙa da katako, daga jikin wanda ke rataye yake yankowa, ba ya haɗa mini da ragowar kan tebur, kuma bai taɓa nuna na dame shi ba. Yana cewa, "Hajiya, yaya jikin maigidan?" Wannan kulawar babu babban kantin da ke sayar da ita. Naman ya fi na gida tsada, na rago ma ya fi, amma ɗan kaɗan nake buƙata. Ina yi masa dambu da manja ko man kaɗe, in zuba a kunun gero ko a kan doya. Hanta sau ɗaya a mako, an ce kada a wuce haka. Tsire kuwa, da suke kira cicinga, yajinsa na ƙuli-ƙuli ne kamar namu, ko kusa da mai gashi ba na bari a kai shi.

Kaza ta fi sauƙi a nan, saboda Ghana tana shigo da daskararrun kaji ta tashar ruwan Tema daga Brazil da Amurka da Turai, abin da Najeriya ta hana. Ina duba tambarin halal a jikin kwali, amma zuciyata ta fi kwanciya da zabon da ake kawowa daga Bolgatanga da Tamale, a yanka a gabana.

Wake da gurjiya da waken suya dangin gyaɗa ne, shi ya sa ban ba shi ko ɗaya ba sai da izinin likita, ɗaya bayan ɗaya, da safe, muna lura da fatarsa da numfashinsa. Alhamdu lillahi duk sun karɓe shi. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma ana samun mai kyau a kasuwar Kejetia, ko da yake in na tuna buhunan Dawanau sai in ga tsada. Tubani shi ne abincinsa na safe, ba ƙwai ba kifi. Awara ce na yi kewa. A gida kowane lungu da mai suyarta, a nan abin da ya fi yawa wagashi ne, cukun nonon shanu, wanda in an soya shi ido ba ya raba shi da awara. Kin ga hatsarin. Ni nake yin tawa da ruwan lemun tsami. Batun nonon akuya da Inna ta kawo, ki gaya mata yawancin yaran da madarar shanu ba ta karɓa, na akuya ma ba ya karɓarsu.

Manyan kantuna irin na Kumasi City Mall amfaninsu a wurina ɗaya ne: kayan Turai suna rubuta madara da ƙwai da gyaɗa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. A can nake sayen madarar waken suya mai ƙarin sinadarin ƙashi, tunda ba ya shan nono, ba ya cin ƙananan kifi. Kuka da zogale suna taimakawa, amma ba sa isa su kaɗai.

Katin inshorar lafiya na ƙasa, da aka kafa tun 2003, ya rage mana kuɗin ganin likita sosai. Likitan ma ya hana mu dogara da gwajin jini kaɗai. Ya ce wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna yara da yawa a Ghana jininsu yana nuna alamar ƙin gyaɗa alhali suna cinta lafiya, musamman masu tsargiya. Na ɗanki kuwa mun gani da idonmu, leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta amai. Abin da ya yi mana wuya shi ne allurar gaggawa ta adirinalin mai kama da biro. Mun zaga shagunan magani ba mu samu ba, sai daga Ingila aka taho mana da ita da takardar likita. Maganin borin jini na ruwa yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙoshin da ya toshe.

Likita ya ce yara da yawa suna rabuwa da matsalar madara da ƙwai in sun girma, ta gyaɗa da kifi ce ke daɗewa. In ya ƙara wayo za a gwada masa ƙwan da aka gasa cikin fulawa, a asibiti, a gabansu. Kafin nan, don Allah Yaya ki zaunar da Inna kafin ta taho, ki fahimtar da ita cewa ɗan ɗanɗanawa don ya saba zai iya kai shi gadon asibiti. Kada ta riƙo kilishi ko ƙuli-ƙuli. In za ki aiko da wani abu, ki daka mini yajin daddawa da hannunki a wankakken turmi, ki haɗo da kuka. A gaida kowa da kowa.