Na'urar GPS ta hannu ko hoton tauraron ɗan'adam: wanne ya fi wajen auna ƙananan gonaki?

Malam Sakatare, ka tambayi wanne ya fi a cikin biyun wajen auna gonakin ƙungiyarku ta manoma. Tun da gonakin 'yan ƙungiyarku ƙanana ne, kuma babu wadda ba za a iya zagayawa da ƙafa ba, ka sayi na'urar GPS ta hannu, ka manta da biyan kuɗin manhajar da ke auna gona daga hoton tauraron ɗan'adam. Na kashe kuɗi a kan duka biyun, kuma ɗaya ce kawai nake amfani da ita har yau.

Tawa Garmin eTrex 10 ce, 'yar ƙarama mai ruwan ɗorawa, wadda batura biyu irin na agogon bango ke riƙe ta wajen awa 25, kuma ba ruwanta da sabis ko data. Ranar da na fara gwada ta, gonar da muka gada a wurin mahaifinmu na zagaya, wadda tun muna yara kowa ya san ta da eka biyar. Na tashi daga gindin ɗorawa, na bi layin gamba har na dawo inda na faro, sai na'urar ta nuna hekta 1.3, wato eka uku da 'yan kai, domin hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Yayana ya ce ƙarya take yi, ya karɓa ya zagaya da kansa, lissafin bai canza ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ashe shekara da shekaru kuɗin eka biyar muke biyan mai tarakta da 'yan ƙodago, kuma a kan eka biyar muke lissafin taki da iri. A damina ɗaya ta mayar da kuɗinta.

Manhajar kuwa, ban ce ba ta da amfani ga mai hekta ɗari ba. Wadda na biya ta dogara ne da hotunan da kowane ɗigo a cikinsu yake daidai da mita 10 a ƙasa, irin waɗanda tauraron Sentinel-2 na Turai yake ɗauka tun 2015, kuma ake bayarwa kyauta. Gona mai rubu'in hekta, mita 50 tsawo da faɗi, ɗigo 25 ce kacal a wannan hoto, 16 daga ciki a bakin iyaka suke, inda geronka da na maƙwabcinka suka zama kala ɗaya. A watan Agusta kuma gajimare kaɗai za ka gani.

Hatta masana sun san da wannan matsala. A 2017, lokacin da cibiyar bincike ta IIASA da ke ƙasar Ostiriya ta so sanin girman gonakin duniya, sai da ta nemi 'yan sa-kai ta shirinta na Geo-Wiki, suka duba wurare kusan 130,000 da idonsu a hotuna masu kaifi na Google da Bing. Duk da haka, rukuni-rukuni suka kasa gonakin, mafi ƙanƙanta shi ne na ƙasa da hekta 0.64, wanda gonaki da yawa na karkararmu za su faɗa cikinsa. Wannan aiki ya dace da taswirar duniya, amma ba zai gaya maka buhu nawa na taki za ka rubuta wa mutum ba.

Ita ma na'urar tana kuskuren 'yan mitoci, musamman a ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, saboda haka ba a raba gado ko rigimar iyaka da ita. Wannan aikin safiyo mai lasisi ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu kawo tsohuwa su goge ta su ce sabuwa ce, alhali mazaunin baturanta ya yi tsatsa, akwai kuma masu rantsuwa cewa adadin da ta nuna ya isa a ba ka takardar mallaka. Kada ka biya sai ka fita da ita fili, ta kama siginar taurarin ɗan'adam a gabanka, ka zagaya wuri ɗaya sau biyu ka ga lissafin ya yi kusa. Ka kuma duba ko a eka aka saita ta ko a hekta kafin ka rubuta gonar kowa a littafin ƙungiya.